Kowa da Jakarsa a Gindin Kilimanjaro

Mutanenmu sun ce in kana son sanin halin mutum ka yi tafiya da shi. A Moshi ba sai an kai ga tafiyar ba. Da yammacin jajibirin hawa, jagora yakan bi ɗaki-ɗaki a masauki ya ce kowa ya zazzage jakarsa a kan gado. Kafin ya gama ɗaga safa da suwaita, ya riga ya san wanda zai yi kuka a zangon Barafu da wanda zai sa wani kuka. Ga kaɗan daga cikin bayin Allahn da aka jarrabe ni da su.

Akwai Ɗan Jos. Ba sai a Jos aka haife shi ba, ya isa a ce can ya yi hidimar ƙasa, ko ya taɓa kwana biyu a Gembu. Kayan sanyinsa suwaita ɗaya ce, da wandon jins, da hular da yake fita Asuba da ita lokacin hunturu. A ce masa daren ƙarshe sanyi kan kai digiri 15 ƙasa da sifili, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai mu mun ga sanyi." Ba ya son jin cewa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, kuma wanda ya bar ƙofar Macame da hantsi zai wuce wannan tsawon kafin ya kwanta barcin farko. Da lallami ake jan sa shagon haya. Ya dawo da ƙatuwar jaket ja, yana cewa don kunyar jagora kawai ya karɓa. Daga zango na biyu har a ciki yake kwana.

Akwai Ango, mai takalmi sabo fil da ko tsakar gida bai taka ba. Kwana biyu ya ishe shi. A na uku yana bin tanti-tanti da ɗingishi, yana tambayar wa ke da filasta.

Akwai Hajiya Ko-da-Wataƙila. An rubuta mata cewa jakar da za a ba ɗan dako kada ta wuce kilo 15, ta karanta, ta fahimta, ta zo da akwati biyu. Filas biyu, bargo, turaren wuta, kilishi, dambun nama, yaji, dabino, da takalmin fita unguwa ko da wataƙila. Tun da Tanzaniya ta hana leda a 2019, komai a ƙulle yake cikin tsohon zane. Awa guda ake yi ana ciniki da ita a kan me zai zauna a masauki. Kowa ya yi mata dariya, har a kai mita 4,000, inda baki ke mutuwa, miyar kuku ta daina shiga. Daga nan sai ka ga manyan mutane a bakin tantinta da faranti, ana "Hajiya, ya ƙoƙari? Da sauran yajin nan kuwa?"

Yanzu a gyara zama, ga Farfesa.

Farfesa ba ya zazzage jaka. Tun kafin jagora ya ƙwanƙwasa ƙofa ya jera komai a kan gado sahu-sahu, ga takarda da aka buga da kwamfuta, kowane abu da nauyinsa da giram. Ya auna safa, ya auna cokali. Ya datse mariƙin buroshin goge baki, ya cire tambarin da ke wuyan rigunansa da reza. Duba kayansa na minti biyar ne, amma sai ya bi jagora zuwa ɗakunan sauran mutane, wai ya taya shi.

Zai kama hannun rigarka ya murza tsakanin yatsu biyu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, auduga ce?" da muryar mai ta'aziyya. Daga nan karatu ya fara. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa ta huce a jikinka. Riga uku ake jerawa: ta jiki ta ulun merino, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje Gore-Tex mai tare iska da ruwa. Jaket ɗinsa gashin dinya ne mai lamba 800, naka na agwagwa ne, kuma ko wanne in ya jiƙe ya tashi aiki. Safar hannu mai yatsu biyar ba ta kai dunƙulalliya ɗumi ba, domin yatsu na ɗumama juna. Gorar ruwa a cusa ta cikin safa a kifa ta, saboda ƙanƙara daga sama take farawa. In da tiyo kake sha, ka hura ruwan ya koma bayan kowane kurɓi. Batir da waya a kwana da su cikin jakar barci. Abin haushin shi ne duk gaskiya ya faɗa. Da ƙarya yake yi da an samu sauƙi.

Ka tambaye shi wane dutse ya taɓa hawa, sai ya ce ya yi bincike sosai. Binciken a YouTube aka yi shi, wata shida, da dare. Wannan bai hana shi gyara wa jagora yadda ake ɗaure igiyar takalmi ba, mutumin da tun yana saurayi yake hawa da sauka a dutsen nan. Jagoran ya saurara har ƙarshe ya ce ya gode.

A ƙasan jakar kuwa, bayan duk giram ɗin da aka ceto daga buroshi, akwai gatarin ƙanƙara, da ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi, da wani takalmi mai hawa biyu da aka yi don masu zuwa Ebarest. Kilimanjaro mita 5,895 ne, kuma a hanyoyin da jama'a ke bi tafiya ce da ƙafa da sanda, galibi a kan tsakuwa da toka. An faɗa masa. Ya ce shiri ba ya yawa.

Ranar farko, cikin kurmi, ruwa ya sauko. Farfesa ya tsayar da ayari ya sauke jaka, ya cire ta tsakiya, ya sa ta waje, ya sa wandon ruwa a kan wando, ya buɗe zif ɗin hammata don iska ta shiga. Jagora ya buɗe lemarsa ta kasuwa ya tsaya yana jira. Kafin Farfesa ya gama ruwan ya ɗauke, aka sake tsayawa ya tuɓe. Haka aka yi ta yi duk bayan rubu'in awa. Masu dutse suna cewa "pole pole", wato a bi a sannu, amma a ayarinmu ba a buƙaci a tuna wa kowa ba.

Wani ya so ya ƙure shi a wurin cin abinci. Ya ce a 1924 George Mallory ya wuce mita 8,000 a Ebarest da rigunan ulu da siliki da kwat ta gabadin, kuma da aka gano gawarsa a 1999 su ne a jikinsa. Farfesa ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce, "To, ya dawo?" Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Kusa da Farfesa kullum akwai wani mai zama a gefen gado yana ƙyafta wa mutane ido ana dariya, da dare kuma ya lallaɓa ya cusa gorarsa cikin safa ya kifa ta. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutum ne mai iyali, kuma yana ɗan taɓa rubutu a mujalla.

Mai Hoto ya zaɓi kayansa ne da launi, hula ta dace da igiyar takalmi. Wayarsa takan mutu a Stella, saura ƙiris a isa allon Uhuru da ke ƙololuwar dutsen. Ɗan Gwanjo kuwa a kasuwar Moshi ya haɗa komai da kuɗin da bai kai na safar Farfesa ba: jaket mai warin wani, zif a kame da fil, safar hannu ɗaya shuɗiya ɗaya baƙa. Araha ba ta ado, amma tana ɗumi. Shi yakan riga kowa kaiwa, kuma ba a yafe masa.

Duk waɗannan, in an sake kira, zan bi su. Saura ɗaya, kuma a kansa ba na dariya.

Mai Wayo yana da kuɗi. Ya biya jirgi, ya biya kuɗin shiga gandun, ya sauka a ɗaki mai kyau. Amma 'yan dalolin hayar safar hannu mai kauri da fitilar goshi, a nan ya ga ana son a cuce shi. Jagora ya tambaya, ya ce suna cikin ɗaya jakar. Babu ɗaya jakar. Ya lissafa ne tsaf cewa ba za a bar shi ya daskare ba, kuma lissafinsa daidai ne. Ana barin Barafu da tsakar dare. Awa biyu da fara hawa, iska ta taso, ya zauna a kan dutse yana cewa yatsunsa sun mutu. Jagora ya cire tasa safar ya sa masa, mataimakin jagora ya ba shi fitila, suka ƙarasa sauran daren ɗaya da hannu a hammata, ɗaya yana laluben hanya da hasken wani. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A dutsen nan wani ne ke ja, wani ya sha duka.

Kuma su wa ake yi wa wannan wayon? Mutanen da ke ɗaukar kilo 20 na kayan baƙi, ban da nasu, su riga ka isa zango su kafa maka tanti, da yawansu da kambas da rigar gwanjo. A Moshi har ƙungiya ce da akwai, KPAP, mai ba 'yan dako aron kayan sanyi kyauta saboda wasu ba su da shi. Daga jikin waɗannan ne mai kuɗi ya ga ya dace ya yi tsimi. A ƙofar Mweka, da aka zo haɗa tukwici, sai ya fito da waya yana danne-danne, yana tambayar ko ba a sa shi cikin kuɗin farko ba.

Ya koma gida ya zama mai ba da shawara. Yana gaya wa mutane kada su ɓata kuɗinsu, duk tsoratarwa ce ta 'yan kasuwa, shi bai sayi komai ba ga shi ya kai Uhuru. In ya nuna maka hoton, ka duba da kyau, ka tambaye shi safar wa ce a hannunsa.