Ranar da Na Ɓoye Duna a Ɗakin Kaka

Gidanmu gidan mafarauta ne, don haka kare a wurinmu ma'aikaci ne, kwanansa a zaure. Amma Duna, wani baƙin kwikwiyo da Baba ya samo wajen Fulani, ya ƙi farauta ya zaɓe ni. In na tafi makarantar allo yana gindin dalbejiya yana jira. In na gudu daga aike na laɓe a bayan rumbu, ba sai an sha wahalar nemana ba, a duba inda Duna ke kaɗa wutsiya kawai.

Bayan Babbar Sallah da kwana kaɗan, sanƙira ya zaga gari yana shela: gobe malaman dabbobi za su zo daga Filato, kowa ya kawo karensa ƙofar fada. Ni dai "Filato" na ji, cikina ya ɗuri ruwa. Duk yaron unguwarmu ya san labarin kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, inda ake kai karnuka mota-mota, kuma wanda ya je ba ya dawowa. Ina na san allurar rigakafin haukan kare ce aka kawo daga Vom, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke kusa da Jos tun 1924?

Da asuba na tsaya tunani: wane wuri ne babu mai zaton kare a ciki? Ɗakin Kaka. Matar da ko inuwar Duna ta gifta sai ta yi a'uziyya. Tana fita gaisuwar mutuwa na rungume shi na tura ƙarƙashin gadonta mai rumfa. Garin turawa ya yakushe ni a hannu, ban kula ba. Na ja ƙyaure, na koma zaure ina karatu da ƙarfi, abin da ya sa Baba ya fara zargina nan take.

Abin da na manta, a ƙarƙashin gadon nan Kaka ke adana kwallar soyayyen naman layya, wanda take son ya kai ta har Cika-ciki.

Hantsi ya dubi ludayi muka ji salati daga cikin gida. Muka ruga. Ga Duna ya fito da murfin kwalla a gabansa, baki sharkaf da mai, ciki ya yi tulu. Ya ratsa mutanen gida kaf, ya zo ya kwanta a kan ƙafata yana hamma. Shaida ta ƙare.

"Kai mai gidan ƙwarai," in ji Kaka, "cefanen da ba ka taɓa yi mini ba, yau ka kawo baƙo ya cinye na wani?"

"Kaka, sayar da shi za a yi!"

"Da sun biya kuɗin ragona, ni da kaina zan raka su tasha."

Ta sa na wanke kwallar sau bakwai kamar yadda malamai suka koyar, ta ƙara mini na takwas don haushi. Daga nan Baba ya tasa mu zuwa fada. Duna ya sha allurarsa guda ɗaya, ko gezau bai yi ba, don barcin ƙoshi yake. Sai malamin dabbobin ya hango hannuna, ya ce tunda ba a taɓa yi wa karen rigakafi ba, a wanke ciwon da sabulu a kai ni asibiti yau-yau. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Jerin allurai aka rubuta mini, kowace allura da ranarta, kuma kowace tafiya Duna na biye da ni yana kallo ina tsala ihu.

Malamin yana da gaskiya, domin haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tsira. Mai kare a gida, ka kai shi rigakafi, kuma ka yi wa yaran gida bayani tun kafin sanƙira ya riga ka.