Jikokin Ibn Firnas a Lafiya

A birnin Kurɗuba na Andalus an yi wani malami mai suna Abbas ibn Firnas, wanda ya rasu a shekarar 887. Likita ne, mawaƙi, kuma masanin taurari. Wata rana, in ji masu tarihi, ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya hau wuri mai tsayi, ya sako kansa. Al-Maƙƙari, wanda ya kawo labarin bayan sama da shekara 700, ya ce mutumin ya yi tafiya mai ɗan nisa a sama. Wajen sauka ne aka samu cikas. Ya bugu ƙwarai a baya, don bai lura cewa da jela tsuntsu yake sauka ba, shi kuwa bai yi wa kansa jela ba.

Abin da malamin ya taɓa bai mutu ba. Har yau a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu akwai masu shawagi da fiffike. Bututun alminiyam ake haɗawa, a shimfiɗa musu yadi mai ƙarfi, mutum ya rataye a ƙarƙashi rub da ciki, ya riƙe sanda, ya ruga daga kan tudu, iska ta ɗauke shi. Ba inji, ba fetur. In ya jawo sandar gudu ya ƙaru, in ya tura ta gaba gudu ya ragu, in ya karkata jikinsa dama fiffiken ya bi dama. Makarantunsu ba sa kai sabon ɗalibi kan dutse. A shimfiɗaɗɗen fili zai yi ta gudu da fiffike a kafaɗa har gumi ya wanke shi, daga nan a kai shi ɗan gangaren da ko ya faɗi abin da zai samu ba zai wuce kujewa ba. Sauka kuwa tun a waɗannan kwanakin farko ake koyar da ita.

Duk wanda ya biyo hanyar Akwanga ya hango duwatsun Eggon ya san ba tudu muka rasa ba. Sai dai mu namu fiffiken taya biyu gare shi, fetur yake sha, sunansa babur. Tun da Lafiya ta zama hedikwatar jiha a 1996 garin yake ta faɗi, daga Bukan Sidi har Shabu, daga Tudun Gwandara har hanyar Doma, kuma wanda bai kai ga mota ba babur ne ƙafarsa. Makarantar babur filin ƙwallon firamare ce da yammacin Asabar, malami kuwa duk wanda ya riga ka iyawa da wata guda. A nan jikokin Ibn Firnas suke haɗuwa.

Babban jikan shi ne wanda ya koyi tashi bai tsaya jin darasin tsayawa ba. Ana nuna masa kulochi a hannun hagu, giya a ƙafar hagu, yana ta gyaɗa kai. Kafin a zo kan birki har ya ƙosa, ya ce, “Yaya, na gane, matsa kawai.” Ya sake kulochi gaba ɗaya, babur ya zabura. Abin takaicin, idan babur ya fizgi mutum jikinsa baya yake yi, hannunsa na dama kuwa yana damƙe da totur, don haka murɗa shi yake ƙara yi ba da saninsa ba. Sai ka gan shi yana zagaya fili, idanu waje, yana salati, yayansa na biye da shi a guje da silifas a hannu yana ihu, “Birki! Taka birki!” Shi kuwa duk zagaye in ya zo wucewa sai ya waiwayo ya tambaya, “Yana ina?” Irin wannan ba ya tsayawa da kansa. Ko dai mai ya ƙare, ko katangar aji ta taimaka masa.

Ƙaninsa shi ne Na-iya-keke. Hujjarsa guda ce, wai tun yana ɗan shekara bakwai yake kai niƙa a kan keke, to mene ne babur in ba keken da ya ci ya ƙoshi ba? Yakan gano bambancin ne ran da babur ya kwanta masa a ƙafa, salansa mai zafi ta manna masa tambari a ƙwauri. Tabon nan ba ya ɓacewa. In an naɗe wando wajen alwala, duba ƙafar dama ta jama'a, za ka gane tsofaffin ɗalibai.

Akwai kuma Mai-kallon-bishiya, wanda lamarinsa ya fi na kowa ban al'ajabi. Filin nan ya isa a yi hawan salla a cikinsa, ba komai sai bishiyar mangwaro ɗaya tilo a can gefe. Ita zai je ya runguma. Ba aljanu ba ne, ko da yake bayan ya tashi ya karkaɗe jikinsa zai rantse wani abu ne ya jawo shi. Hannu ido yake bi, inda ka ƙura wa ido nan babur zai kai ka. Shi kuwa saboda tsoron bishiyar ya kasa ɗauke ido daga kanta. Malaman fiffike sun san wannan cutar sarai, kullum suna gaya wa ɗalibi ya dubi inda yake son sauka, ya rabu da abin da yake tsoro. Namu malamin kuwa tsawa yake yi, “Ka kula da bishiyar nan! Bishiya! Bishiya!” Ɗalibi mai biyayya sai ya kula da ita.

Alhaji ba ya zuwa da yamma. Ya yi ritaya daga sakatariya, motar da ya saba da ita ta fi ƙarfin fansho tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai ya sayi babur a ɓoye. Bayan sallar asuba yake fitowa, kafin gari ya waye, ɗan autansa ne malami. Nan ake ganin yadda ladabi ke hana karatu. Yaron ba shi da bakin cewa “ba haka ba ne”, sai dai ya rusuna ya ce, “Baba, da an ɗan sassauta hannu.” Alhaji ya ce, “Kai, tun ba a haife ka ba nake tuƙi.” Yaro ya ce, “Gaskiya ne, Baba.” Babur ya mutu. A sake buga shi, ya sake mutuwa. Alhaji ya yanke hukunci cewa 'yan kasuwa sun cuce shi, sun sayar masa da mai ciwo. Ga shi kuma da babbar riga ya zo, don a ganinsa mutum mai shekarunsa ba ya fita da 'yar shara ko da duhu ne. Yaron na ganin gefen rigar yana lilo kusa da sarƙa, ya san in ta kama ta sai ta fizgo mai gida ƙasa, amma yana ta neman kalmomin da zai faɗa ba tare da ya ce wa mahaifinsa ya tattare riga ba. Ni dai ban ga ɗalibin da na fi tausaya wa kamar wannan malamin ba.

Sai Malam A-hankali. Wata uku yana giya ɗaya, ƙafafu biyu suna jan ƙasa, takalmi yana cinyewa. Ya ɗauka rashin gudu shi ne tsira, bai san babur sai yana ɗan tafiya yake tsayawa daidai ba, in ya yi sanyi da yawa tangaɗi yake yi. Fiffike ma haka yake, in gudunsa ya yi ƙasa da ƙima iska sai ta sake shi. Abin da ya ci Otto Lilienthal ke nan, Bajamushen da ya yi shawagi wajen sau 2,000, wanda har tudu mai tsayin mita 15 ya gina wa kansa kusa da Berlin don gwaji. Ranar 9 ga Agustan 1896 fiffikensa ya ɗaga kai sama, gudu ya yanke, ya faɗo, ƙashin wuyansa ya karye, washegari ya cika. Malam A-hankali dai ba ya faɗuwa da ƙarfi. A tsaye yake faɗuwa, sannu a hankali, yana kallon ƙasa tana zuwa, har ya samu lokacin cewa innalillahi cikakkiya.

Ɗalibin waya ba sai an daɗe a kansa ba. Ya kalli bidiyo ɗari a YouTube, ya san sunan kowane ƙarfe, yana gyara wa malami magana. Bai taɓa buga babur ya tashi ba.

Mai hular kwano kuwa iri-iri ne. Wani a gwiwar hannu yake rataye ta, wani a kan tanki, wani ya ɗora ta bisa hular zanna ba tare da ya ɗaure igiyar ba, ta yadda ita za ta fara sauka kafin shi. Uzurinsa zafin Lafiya, kuma wanda ya san rana a watan Maris a garin nan ba zai ce ƙarya yake yi ba. Wannan ma gado ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular ranar 1 ga Janairun 2009, sai ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙorai a ka suna wuce jami'ai. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa ba, wai ana iya yi musu asiri a ciki. Masu fiffike suna da irin wannan mutumin. Shi ne wanda zai shirya komai tsaf, ya ruga ya bar tudu, sannan ya tuna bai maƙala ƙugiyar da ke haɗa shi da fiffiken ba. An rasa rayuka ta haka, shi ya sa suka mai da shi al'ada, kafin a tashi sai mutum ya kwanta ya saki nauyinsa an tabbatar a rataye yake. Namu in ka yi masa zancen igiyar hula sai ya shafa damtse, inda laya take, ya ce a shirye yake.

Akwai wanda dariya ba ta daɗewa a kansa. Yaro ne daga ƙauye, wani mai hali ya ba shi sabon Bajaj a kan zai riƙa kawo balas kullum har ya biya. Asabar ya koya, Lahadi ya maimaita, Litinin yana bakin kasuwa yana kiran fasinja. Doka ta ce sai mai shekara 18, kuma sai da lasin, shi kuwa balas ba ya jira. Ran Laraba an ɗaura masa ƙwaryar doya daga Agyaragu, mai doyar ta hau sama da goyo. Abokan sana'a sun riga sun karantar da shi cewa birkin gaba mugu ne, kifar da mutum yake yi, kada ya kuskura ya taɓa shi. Alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, abin da ake bukata kawai a koyi matsa shi sannu-sannu tare da na baya, ba a cafke shi ba. Haka zai hau titin Makurɗi da rabin birki, ya gauraya da tireloli, ga yashin da ruwan sama ya zubo bisa kwalta a kowace kwana. Wasu suna ƙwarewa. Wasu kuma mai ɗori ne ke ƙarasa musu karatun.

Wadda na fi yarda da ita a filin nan malamar makaranta ce da ta sayi roba-roba da kuɗin adashi. Kafin ta hau ta naɗe hijabinta ta zauna a kai, tambayarta ta farko kuma ita ce, “Ɗan nan, in na so tsayawa me zan taka?” Samari suna ta ƙunshe dariya. Mako guda tana abu ɗaya, ta tashi, ta yi taku goma, ta tsaya. Yanzu tana wuce su kullum da safe a hanyar Shendam, ba tabo ko ɗaya a ƙafarta.

Malaman su ma sun isa a yi musu nasu lissafin. Akwai mai zama a baya yana riƙe da kan babur ta ƙarƙashin hammatar ɗalibi, wanda in ya ga an doshi rami sai ya dire a hankali ya bar ɗalibi da ƙaddararsa. Akwai mai duka a ƙeya. Akwai wanda iyakar karatunsa kalma biyu ce, “Saki jiki.” A gefe kuma ga 'yan kallo a kan benci, rabinsu ba su taɓa hawa ko keke ba, amma kowa da fatawarsa. Ɗaya ya ce a ƙara wuta, ɗaya ya ce a rage, mai rake ya ce shi tun da yaron ya ɗora ƙafa ya san ba za a wanye lafiya ba.

Na ƙarshe shi ne mai babur ɗin, wanda ya ba da aro don kunya ba don so ba. Tun da aka fara bai zauna ba, duk lokacin da giya ta yi ƙara sai ya runtse ido. Da aka ji rugum a gindin mangwaro shi ya riga kowa isa. Ya tsallake ɗan'uwansa da ke kwance yana nishi, ya ɗaga babur, ya duba madubi, ya murza fitila da gefen riga, ya girgiza tanki, ya buga ya ji ya tashi. Sannan ya waiwayo ya ce, “Alhamdu lillahi, bai yi komai ba. Kai kuma tashi mana, ka kwanta a kan murfin gefe.”