Kada Ka Yi Wa Gejinka Kishiya

Idan kana son hawan jini ba tare da ka ci gishiri ba, kai taya ɗaya wurin masu faci uku su auna maka iskarta. Na bakin tasha zai ce 32, na gaban gidan mai ya ce 36, na ukun kuwa ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Alhaji, ta yi." Babu wanda ya cuce ka da gangan, gejin kowa iya saninsa yake faɗa. Maganin abin shi ne ka sayi naka guda ɗaya, ka riƙe shi amana, kada ka yi masa kishiya.

Wajen zaɓe, kada manyan lambobi su ruɗe ka. Kuskuren geji mai allura galibi ana lissafa shi ne daga lambar ƙarshe da ke fuskarsa. Wanda ya kai 160 psi, in an ce kuskurensa kashi 2 cikin ɗari ne, an ba shi lasisin kauce wa gaskiya da sama da 3 psi ke nan, alhali tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take nema. Allura ta fi riƙon amana idan tana tsakiyar fuska, don haka mai mota ya nemi wanda ya tsaya a 60, ya bar mai 160 ga keken tsere mai siririyar taya, mai shan 80 zuwa sama. Shi kuma mai keke ya rage yawan tambaya: cikin tayarsa ɗan ƙarami ne, duk sanda geji ya ce "fiss" a bakin bawul, ya cire la'adarsa ne daga iskar da ake aunawa.

Sai kuma ka san lokacin tambaya. Iska akwai fushi, ƙarin zafi na digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salshiyos kan ɗaga ta da kusan 1 psi. Tayar da ta taso daga Kano ta isa Zariya da tsakar ranar Afrilu dole ta kumbura baki, kuma wanda ya sace mata iska a wannan hali zai wayi gari da ita a laɓe. A auna da sassafe, ko bayan mota ta huta awa uku. Lambar da za a bi tana nan manne a bakin ƙofar direba. Wadda ke jikin taya iyakar haƙurinta ce, kuma ba a zama da kowa a iyakar haƙurinsa.

Wani zai ce, to in gejin nawa ne maƙaryacin fa? Ai mudun da ka san ƙarancinsa ba ya cutar ka a kasuwa. Gwada shi da na amintaccen shagon taya, in ka ga kullum 2 yake ƙarawa, ka riƙa cirewa, ka sake gwadawa duk ranar da ya faɗi ƙasa. Mai cewa na dijital ya raba gardama, ya tuna cewa rubuta 32.5 tsaf iya magana ne kawai, shi ma sai an gwada shi. Masu dogara da ido da dunduniya kuwa, tayar zamani takan rasa iska mai yawa tana tsaye ƙyam kamar ba komai. Saura mai taƙama da fitilar gargaɗi ta gaban direba. Tun 2007 doka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci a Amurka, inda tokumbo da yawa ke fitowa, amma dokar ta yarje mata ta yi shiru har iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Wato tayar 32 sai ta gangaro 24 kafin malamar ta yi gyaran murya.