Yadda Ake Gasa Burodin Westeros Kai Yana Nan a Wuya

Cikin ɗaruruwan mutanen da suka gilma a Game of Thrones, shirin nan mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta haska daga 2011 zuwa 2019, mutum ɗaya ne na yarda yana da cikakken hankali. Ba sarki ba ne, ba jarumi ba ne, ko dodo ɗaya mai aman wuta ba shi da shi. Wani ɗan lukutin yaro ne da ake kira Hot Pie. Lokacin da manya ke ta fille kawunan juna saboda wata karagar ƙarfe da ko matashin jingina ba ta da shi, shi kuwa a zango na 3 ya samu wani masaukin matafiya a mararraba, ya naɗe hannun riga, ya shige kicin abinsa. Ned Stark, mai gaskiya da riƙon amana, bai kai ƙarshen zangon farko da kansa a wuya ba. Hot Pie kuwa, ganin ƙarshe da aka yi masa a zango na 7, kumatunsa har sheƙi suke yi. Saboda haka in dole sai ka kwaikwayi wani a shirin nan, kwaikwayi mai gashin burodi.

Abin da za mu gasa shi ne irin burodin da Turawa ke kwaɓawa da giya, mai gishiri-gishiri da albasa da cuku, ba mai zaƙi na shan shayi ba. Masoya shirin sun daɗe da ɗaukarsa nasu. A 2012 wasu mata biyu, Chelsea Monroe-Cassel da Sariann Lehrer, suka fitar da littafin girke-girke mai suna A Feast of Ice and Fire, marubucin labarin da kansa, George R. R. Martin, ya rubuta musu gabatarwa. Da shekara ta zagayo, kamfanin Ommegang da ke Cooperstown a jihar New York ya haɗa kai da HBO ya fara sayar da giya mai sunan karagar ƙarfen. Ɗan kasuwa dai ba ya barci. Mutane suka riƙa saye, su sha rabi, su juye rabi a fulawa, su ce wai suna cin abincin Winterfell, gidan su Ned Stark.

Na san tun da ka ji an ambaci giya ka yi a'uzubillahi ka fara neman takalminka. Zauna, malam, ba inda kake zato za mu ba.

Da farko, kada ka yarda da wanda zai ce maka ai barasar duk tana tashi a wuta. Gaskiya ne tana tafasa a digiri 78, kafin ruwa, amma ba ta fita duka. Wani bincike da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka, aka buga a 1992, ya nuna abincin da aka gauraya da barasa aka gasa awa guda yana iya riƙe kusan kashi 25 cikin 100 nata. Burodin nan kuwa awa guda yake yi a tanda. To, ka ga wannan hanyar ta toshe, kuma ba na so gobe wani ya ce ni na jawo masa sallamar 'yan Hisba.

Abin daɗin shi ne, giyar ba wani aikin kirki take yi ba. A da can tana yi. Masu gashin burodi na Ingila a zamanin da sukan je wurin masu dafa giya su kwaso kumfar da ke tasowa a saman randa, domin cike take da yis mai rai, da ita suke tayar da kwaɓinsu. Amma yawancin giyar kwalba ta yau an tace ta, an ɗumama ta har yis ɗin ya mutu murus. Abin da ya rage mata sai kumfar gas, da ƙamshin tsiron sha'ir, da ɗan ɗaci-ɗaci. Wadda ke ɗaga burodin da gaske ita ce baƙar hoda (baking powder), ita ke ta fama a cikin kwaɓi ba mai jin sunanta, giya kuma ta tafi da kirari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya ga yadda wazirai ke gumi a fadar King's Landing, babban birnin shirin, Sarki Robert yana can yana farauta da buguwa, ya san tsarin.

Tunda kumfa da ƙamshin sha'ir kawai muke nema, lemun malt na kanti ya isa: Maltina, Amstel Malta, duk wanda hannunka ya kai. Matsalarsu ɗaya, zaƙi. In ka juye kwalba guda cur, abin da zai fito ya fi kusa da kek, kuma ba wanda ya taɓa tsaron katangar ƙanƙarar nan ta shirin da kek a aljihu. Sai ka raba: rabi malt, rabi ruwan soda mara zaƙi, jimilla mililita 350. Masu sayen giyar nan ta Turai da aka rubuta wa "babu barasa" kuwa su duba jikin kwalbar da kyau, domin a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta haka ko da akwai har kashi 0.5 cikin 100.

Wani mai tsaurin ra'ayi zai ce ai a Westeros, ƙasar da labarin ya gudana, babu baƙar hoda. Gaskiyarsa. Martin ya ɗebo labarinsa ne daga yaƙe-yaƙen gadon sarautar Ingila na ƙarni na 15, tsakanin gidan York da gidan Lancaster, ita kuwa hodar sai a 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro ta, saboda jikin matarsa ba ya son yis. (Ga miji. Wasu ko albasa ba za su yanka wa uwargida ba.) In mai tsaurin ra'ayin ya matsa, tuna masa da kashi na 4 na zango na 8, inda duniya ta ga kofin shan kofi na kwali zaune daram a kan teburin walima a gaban Daenerys mai dodanni, har sai da HBO ta bi shi da kwamfuta ta goge. Waɗanda suka kashe miliyoyin daloli ba su tsira daga zamani ba, balle kai da buhun fulawarka.

Yanzu kayan aiki. Fulawa kofi 3, baƙar hoda babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, gogaggen cuku kofi 1, albasa babba, tafarnuwa sala 3, masoro, bota gram 60, sai malt da sodar nan. In kana son ya yi duhu irin na masu gadin katanga, musanya kofi ɗaya da garin alkama da ba a cire dusarsa ba. Kunna tanda tun yanzu, digiri 180, ka shafe gwangwanin gashi da mai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan kwaɓin ba ya jiran kowa.

A kan bota zan tsaya in daɗe, domin nan ne kaɗai shirin ya koyar da wani abu mai amfani a cikin kashi 73. Da Arya Stark, 'yar Ned, ta sake haɗuwa da Hot Pie a zango na 7, ya tona mata asirin sana'arsa: a soya bota har ta yi ja kafin ta shiga kwaɓi. Ita hankalinta na kan waɗanda za ta kashe. Kai ka saurara. Sa botar a ƙaramar tukunya mai farin ciki, don ka riƙa ganin launi, a wuta kaɗan-kaɗan. Za ta narke, ta yi kumfa, ta riƙa tsartuwa tana ƙara, ruwan cikinta ne ke fita. Da ƙarar ta lafa, zuba ido: wasu 'yan ɗigo-ɗigo za su kwanta a gindin tukunyar, su tashi daga fari zuwa ruwan zuma, ƙamshi ya bugi hancinka. Sauke nan take, ka juye a wani kwano har da ɗigon, don su ne ɗanɗanon. In ka ce bari ka leƙa waya, ka dawo ka tarar da abin da dodon Daenerys ya bari na King's Landing. Wadda ta saba soya man shanu ba ta bukatar wannan wa'azin, kuma man shanun ma ya yi.

A tukunyar dai, da ɗan man da ya rage, soya yankakkiyar albasa har ta yi laushi ta fara ja, ka jefa tafarnuwa a minti na ƙarshe. Bari su huce.

Tankaɗe fulawa da hoda da gishiri da masoro a roba, ka barbaɗa cuku da albasa, ka cakuɗa. Buɗe malt da soda a lokacin, ba tun ɗazu ba, ka zuba tare da rabin botar. Za ka ji yana shuu. Juya da muciya har busasshen gari ya ɓace, sannan ka ɗauke hannunka. Ba tuwo kake tuƙawa ba, kuma ba a murza shi. Yawan juyi na sa fulawa danƙo, burodi ya fito da tauri, ka rasa ko ci za a yi ko jifan abokan gaba. Gudaji-gudaji ba laifi ba ne. Ya kamata ya fi kwaɓin fanke kauri, yana manne wa muciya. Juye a gwangwani, ka kwarara sauran botar a sama, ita za ta ba shi ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras.

Minti 50 zuwa 60. Kada ka riƙa buɗe tanda kana leƙe. In haƙuri ya gagara, tuna da masu karanta littattafan: na 5 ya fito tun 2011, suka zauna jiran na 6 har shirin talabijin ya wuce su, ya ƙare, aka gama zaginsa. Kai awa guda kawai aka nema a wurinka. In saman ya yi duhu da wuri, laifin sukarin malt ne, rufe shi da takardar alminiyam. Soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya gasu. Bar shi minti 15 kafin ka fitar, kuma kada ka yanka yana tururi, zai dagargaje.

Za ka ji sha'awar yi masa siffar kyarkeci, alamar gidan Stark, kamar wanda Hot Pie ya ba Arya ranar rabuwarsu. Danne zuciyarka. Nasa na farko sai da aka yi ta juya shi ana neman ina kai ina wutsiya, sai a zango na 4 ya iya, shi da sana'arsa ke nan. Wannan kwaɓin kuma ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe siffa. In yara sun nace, ce musu kyarkecin ne a kwance ya ja bargo.

Wajen gabatarwa ake bukatar hattara. A al'adar Westeros, baƙon da ya ci burodi da gishiri a gidanka ya shiga amanarka, ba ka isa ka taɓa shi ba. Wani basarake, Walder Frey, ya miƙa wa Robb Stark, ɗan Ned, da mahaifiyarsa burodi da gishiri a zango na 3, kafin dare ya raba an gama da su a wurin biki. Sarki Joffrey ya sheƙa barzahu a walimar aurensa. Shi Frey ɗin kuma, abin da aka ba shi ya ci a ƙarshen zango na 6, ba zan faɗa a shafin girki ba. Don haka in baƙinka sun kalli shirin, kada ka miƙa musu gishiri a faranti, kada ka kulle ƙofa bayan sun zauna, kuma in ka gayyato makaɗa, ce musu kada su canza kiɗa ba zato. Fara gutsura ka ci a gabansu. Sannan ka nuna musu kwalbar malt ɗin da ido, kafin Baba Alhaji ya tambayi sunan burodin wani ɗan baki ya rigaka amsawa.

Yana tafiya da farfesu ko miyar wake mai zafi, ko a shafa masa bota kawai. Ba ya daɗewa kamar mai yis, kwana biyu ya fara bushewa, a lokacin zafi ma da cuku a ciki gara ya kwana a firij. Wanda ya rage ka yanka, ka gasa a kasko da ɗan mai, a ci da ƙwai da safe. Wanda ya ce bai kai na jiya daɗi ba, ce masa zango na 8 ke nan.