Magadan Bindigar Kaka

A Amurka, idan tsoho ya kwanta dama aka zo rabon kaya, ba abin mamaki ba ne a leƙa bayan kabad ko saman silin a tarar da doguwar bindigar soja naɗe a tsohon bargo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen Turai sun wayi gari da rumbuna maƙil da bindigogin da aka daina yayinsu, 'yan kasuwa irin su Samuel Cummings na kamfanin Interarms suka riƙa saye jirgi-jirgi suna jibge wa Amurkawa. Har zuwa 1968 mutum yakan yanko talla daga mujalla, ya aika kuɗi ta gidan waya, a kawo masa bindiga har ƙofar gida. Ta wannan hanya Lee Harvey Oswald ya sayi Carcano ɗin Italiya da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963, a kan dala 19.95, har da madubin hangen nesa. Ga kuma sojojin da suka dawo daga fagen fama da bindigar abokan gaba a matsayin tsaraba.

Yanzu jikoki ke gadonsu, su kuma ɗauka su nufi shago da tambaya biyu: shekararta nawa, kuma nawa za ta yi? Masu shago sun ga magadan nan har sun gaji, tun daga bakin ƙofa suke gane kowa da irinsa.

Wanda ya fi yawa shi ne mai labari. Tun kafin ya kwance bargo ya fara: kakansa ne ya ƙwace ta a hannun wani janar na Jamus. Ba a taɓa ƙwatar bindiga a hannun kurtu ba. Da za a tara janar-janar ɗin da kakannin Amurkawa suka yi wa ƙwace, da Hitila bai sami wanda zai tura gadin ƙofa ba. Mai shago ba ya musu. Jan bindigar yake yi ƙarƙashin fitila, ya juya ta, ya nuna wasu 'yan ƙananan haruffa kusa da bakinta: sunan kamfanin da ya shigo da ita da garin da yake. Dokar 1968 ce ta wajabta wannan rubutu. Sannan ya nuna alamar X da aka buga a jikin ƙarfen, shaidar cewa Rashawa ne suka kama ta, suka wargaza ta tare da dubban 'yan uwanta, suka sake harhaɗawa ba tare da kula da wace sakata ce ta wace bindiga ba. Wato dai kaka a shago ya saye ta, yana da furfura. Mai labari yakan yi shiru, sannan ya ce to ai kaka yana da bindigogi biyu, wataƙila ɗayar ce ta janar.

Tsarabar yaƙi ta gaskiya tana da shaidunta. Ɗaya takarda ce da hafsa ya sa wa hannu yana ba soja izinin tafiya da ita gida. Ɗayar kuma abin dariya: yankan zarto a katako, a ɓoye ƙarƙashin zoben da ke riƙe da bututu. Bindigar ta fi jakar soja tsawo, sai ya yanke ƙotar biyu don ta shiga. Masu tara irin waɗannan kaya suna da magana guda da ba sa gajiya da faɗa: bindiga ake saye, ba a sayen labari.

Bayansa sai attajirin gobe. Shi ya riga ya kalli shirin talabijin inda wata tsohuwa ta kawo tulu aka ce ya kai kuɗin gida, kuma ya riga ya zaɓi launin motar da zai saya. Ya ga "Mod. 98" a gefen ƙarfe, ya yanke hukuncin 1898 aka ƙera ta. Wannan shekarar da aka fito da samfurin ce. Shekarar ƙira tana sama, ƙarƙashin wasu haruffa da Jamusawa suka yi don ɓad da sawun masana'antunsu: byf na nufin Mauser da ke Oberndorf, bnz na nufin Steyr a Austiriya, dot na nufin Brno. Idan ya ga byf 43, to 1943 ce, kuma 'yan uwanta sun haura miliyan 14. Idan kuwa Mosin-Nagant ce ta Rasha, wadda aka fara a 1891, an ƙera kusan miliyan 37. A farkon shekarun 2000 a akwatuna ake sauke su a Amurka, cuɗe da giris mai kauri, ana sayarwa ƙasa da dala 100 har da banati a kai. Farashin ya tashi tun daga lokacin, amma bai kai na mota ba. Abin da attajirin gobe ya kasa haɗiyewa shi ne tsufa kaɗai ba ya kuɗi. Abin da ke kuɗi shi ne ƙaranci, da lambobin da suka yi daidai a kowane sashe, da kuma hannun da bai taɓa ta ba.

A nan ne sarkin tsafta ke shigowa, kuma shi ne ya fi ba mai shago ciwon kai. Mutumin kirki ne. Ya ga bai dace ya kawo kayan kakansa da datti ba, sai ya kwana biyu a gareji da burushin waya da takardar goge katako ta kafintoci. Ƙarfen da shekaru suka rina baƙi-baƙi ya koma fari fat. Ƙotar ta yi sumul, ta sha fenti mai ƙyalli. Tambarin da sufeton soja ya buga a katako, da lambar da ke nuna ƙotar ta asali ce, duk sun bi ƙura. Kamar wanda ya gaji littafin da kakansa ya rubuta da alƙalamin kara ne, ya ga tawada ta dusashe, ya bi rubutun da biro. Yakan ajiye ta a kan kanta yana murmushi, yana jiran yabo. Mai shago yakan tambaye shi ko ya ɗauki hotonta kafin ya fara aikin.

Akwai wanda ba ya zuwa shago don yana kabari, amma da shi ake kowace hira: kakan da kansa, mai zarto. A shekarun 1950 da 1960 bindigar soja ta fi sabuwar bindigar farauta araha nesa ba kusa ba, don haka magidanta suka riƙa saye suna datse katakon gaba, su cire abin saƙala banati, su huda ƙarfe su ɗaura madubi, su tafi harbin barewa. Yau masu tarawa in sun ga irin wannan sai su dafe kai kamar an yi musu rasuwa. Amma laifin kaka bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kayan gwanjo ya saya, ya gyara shi ya yi masa aiki, iyali suka ci nama. Kuma kowace bindiga da ya datse ta ƙara wa wadda ba a datse ba daraja, don haka masu zaginsa da zartonsa suke cin riba.

Sai malamin lambobi. Shi ba magaji ba ne, suruki ne ko maƙwabci da aka kira don "ya san harkar". Yana zuwa da tocila da gilashin ƙara girma, kuma daga ya zauna an shiga uku. A miƙa masa Lee-Enfield ta Ingila, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a dajin Bama, sai ya fara daga kambin sarauta da ke wuyan ƙota. (A Najeriya dai ba a wannan zama, don dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin waɗanda aka haramta.) Zai faɗi ko Fazakerley kusa da Liverpool aka ƙera ta, ko Maltby, ko Long Branch a Kanada, ko Lithgow a Ostareliya, ko Ishapore a Indiya, ko kuwa Savage ta Amurka wadda ake buga wa "U.S. PROPERTY". Zai nuna FTR, ya ce an mai da ita masana'anta an yi mata garambawul, don haka shekara biyu take da su, ta haihuwa da ta gyara. In Arisaka ce ta Japan, zai bayyana cewa 38 ba 1938 ba ce, shekara ta 38 ce ta sarautar Meiji, wato 1905. 99 kuma daga 2599 ta kalandar Japan ce, wato 1939. In Carcano ce, ga 1940 ga XVIII a gefenta, lissafin mulkin Mussolini daga 1922. In ƙaramar M1 Carbine ce ta Amurka, zai yi addu'a a ga sunan IBM, ko Underwood masu keken rubutu, ko Rock-Ola masu akwatin kiɗa, domin lokacin yaƙi kowa ya ajiye sana'arsa ya koma ƙira.

Gaskiya yake faɗa a duka, kuma wani lokaci yakan tono abin da ya fi kuɗi. Bindigar K31 ta Suwizalan, in aka kwance ƙarfen da ke gindin ƙota, sau da yawa akan sami 'yar takarda ɗauke da sunan sojan da aka ba shi ita da garinsu. Mosin ɗin da Finlan ta sake ginawa takan nuna 1940 da wani abu a sama, amma in an raba ƙarfe da katako a sami 1890 da wani abu a ƙasa, domin a kan tsohon ƙarfen Rasha suka ɗora sabon bututu. Matsalar malam ɗaya ce. Bayan awa biyu, shayi ya huce, magaji ya ce, "To nawa za ta yi?" Sai malam ya gyara gilashi ya ce ai ya danganta.

Mai ja da malam shi ne mai "babu irinta a duniya". Galibi daga Afganistan wani ɗan uwa ya kawo ta. Tana da tambarin Sarauniya Victoria, VR, da shekarar da ta zo bayan 1901, alhali a 1901 sarauniyar ta rasu. Harafin N na ENFIELD kuma ya juya baya. Maƙeran Darra Adam Khel ne da maƙwabtansu a yankin Khyber, waɗanda ke kwaikwayon bindigar Ingila da hannu, har da tamburan da ba su san ma'anarsu ba. Da gaske babu irinta a duniya, domin maƙerin da kansa ba zai iya maimaita ta daidai ba. Amfaninta a rataye a bango.

Jabun bai tsaya a Khyber ba. Arisaka na ɗauke da fure mai kunne 16, alamar Sarkin Japan, wanda aka kankare daga mafi yawansu lokacin miƙa wuya a 1945. Wadda furenta ke nan ta fi tsada, don haka ba a rasa mai sake dasa fure da guduma. Gajeriyar Lee-Enfield No. 5, wadda aka ƙera daga 1944 zuwa 1947 don yaƙin daji, ta yi farin jinin da wasu 'yan kasuwar Amurka suka riƙa datse dogaye suna sayarwa da sunanta. Kakanni da yawa sun sayi jabun da zuciya ɗaya, jikoki suka gaji jabun da zuciya ɗaya.

Wanda ke sa mai shago ya miƙe tsaye shi ne mai gaggawa. Bai damu da shekara ba, so yake ya ji ƙararta ran Asabar, kuma ya shigo yana nuna kowa da bakinta ba tare da ya ja sakata ya duba ciki ba. Bai san DP da aka buga a wasu Lee-Enfield na nufin ta fareti ce kawai, an soke ta daga harbi ba. Bai san Springfield 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 an ƙona ƙarfen wasunsu wajen ƙira har suna tarwatsewa ba. Bai san Ishapore 2A1, duk da kamarta da tsohuwar .303, harsashin 7.62 take ci ba. Maƙerin bindiga ya kamata ya fara gani. Yakan ce ai kaka ya yi shekara talatin yana harbawa bai mutu ba.

Shi ma na bayan kanta ba waliyyi ba ne. Akwai dillalin da ke fara tsaki tun bai taɓa bindigar ba, ya ce irinta sun cika gari, ya taya abin da bai kai kuɗin man mota ba "don dai kada ka koma da ita". Mako na zagayowa ga ta a rataye da takarda mai cewa ba kasafai ake samun irinta ba. Maganinsa a ji ta bakin mutum biyu ko uku, a kuma duba abin da aka biya da gaske a gwanjo, ba abin da masu sayarwa ke fata ba.

Ta ƙarshe ita ce mai neman rabuwa da ƙaya. Ba ta son bindiga a gida, ba ta son sanin shekararta, so take a ɗauke. A ƙarshen 2012 wata mata ta kai bindigar mahaifinta, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wurin 'yan sandan Hartford a jihar Connecticut, inda ake karɓar makamai a ba da katin sayayya, a kuma narkar da abin da aka tara. 'Yan sandan suka duba suka ga StG 44 ce ta Jamus, samfurin da bindigogin soja na zamani suka biyo sawunsa, wadda aka ƙiyasta ta kai dala 20,000 ko fiye. Suka ƙi sa ta cikin na narkarwa, suka ce mata gidan tarihi ya dace da ita, suka ba ta damar sayarwa. Shekara da shekaru bindigar tana cikin kabad, matar ba ta taɓa tambayar kowa nawa za ta yi ba.