Tankin da Ya Zama Tukunyar Jego

Bita ce ta kai ni Sakkwato, aka sauke mu a wani otel mai bahon wanka da shaya. Na dawo Sabon Birni da ƙudurin cewa gidana ya yi bankwana da bokiti da moɗa. Na sayi baƙin tankin roba mai cin lita 1,000, mai walda ya ɗora shi kan ƙarafa, na kafa injin doki ɗaya a bakin rijiyar tsakar gida. Bututun kuwa, don a rage kuɗi, aka bi da shi ta saman kwanon ɗaki ya gangara banɗaki. Duk wannan a watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, maƙwabta na shigowa kallo.

Sai Afrilu ya zo. Ma'aunin zafi ya haura 40, Gulbin Rima ya janye ya bar rairayi. Wata rana bayan azahar na tuɓe, na tsaya ƙarƙashin shaya, na murɗa. Ihun da na yi ya tayar da awakin maƙwabci. Na fito da zanen uwargida a ƙugu, kumfa a ido, ina tsalle da ƙafa ɗaya, Inna tana zaune gindin darbejiya kusa da randarta.

"Mi ya same ka?" in ji ta.

"Ruwan ne, Inna, tafasasshe."

Ta ɗebo na randa mai sanyi ta kurɓa a hankali, ta ce, "Allah shi kyauta."

Ba a jima ba ruwan ma ya fara rowa. Famfo ya yi tari, ya tofo iska, ya ɗigo kaɗan. Injin kuma ya yi ta gurnani, ya ɗau zafin da hannu ba ya taɓuwa, can ya mutu da kansa, sai ya huce ya farfaɗo. Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na sa ɗana ya yi masa fifita. Wani abokina ya rantse aikin mutanen ɓoye ne, tunda rijiyar tsohuwa ce, har ya kawo turare.

Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani Bayarabe mai gyaran famfo da ya daɗe zaune a Isa. Ya ce zai zo da sharaɗin ya juya kafin la'asar, don yanzu ba mai son dare ya yi masa a wannan hanya. Yana sauka daga babur ya dubi tsagen fuskata, ya dubi tankin, ya fashe da dariya. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni, saboda haka dole na haɗiye.

"Bawana," ya ce, "ka sa baƙin tanki a rana, ka kwanta da bututu kan kwano, kana so ƙanƙara ta fito?"

"Kai ne bawan. Gyara na kira ka, ba wa'azi ba."

Ya zaro bututun da ke cikin rijiya, ya kwance bawul ɗin gindinsa, ya girgiza. Yashi ya zubo, sai ledar fiya wata, sai wani kwaɗo da ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce irin wannan injin na bakin rijiya, komai ƙarfinsa ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 8, kuma da bazara ruwan rijiya sauka yake yi. Da bakin bututu ya fara shaƙar iska da yashi, sai fankar ciki ta yi ta juyi a bushe, alhali ruwan da ke ratsa ta shi ke sanyaya ta. Mutuwar da injin ke yi kuwa wani ɗan makunni ne a cikinsa ke yanke wuta don kada waya ta ƙone. Buhun da na lulluɓa masa ya toshe ƙofar iskarsa ne. Wannan bayanin na buhu bai zama dole ya yi shi a gaban uwargida ba, amma ya yi, har ya maimaita.

Ya ƙara tsawon bututun, ya ɗura wa injin ruwa ta wata 'yar ƙofa har iskar ta fice, ya sauko da na saman kwano aka binne a ƙasa. Tankin kuma ya ce a yi masa rumfar zana. Ya karɓi kuɗinsa, ya ci tuwona, ya ce na Gobirawa ba ya da yaji.

Ruwa ya dawo da ƙarfi, ya kuma yi sanyin da mutum zai iya tsayawa ƙarƙashinsa. Ina cikin jin daɗi da yamma sai ga sallamar unguwarzoman unguwarmu, da 'yan mata ɗauke da bokitai a bayanta. Ashe tun shigowar zafi, duk sanda na tafi makaranta, a gidana ake ɗibar ruwan wankan jego. Uwargida ce ke buɗe musu, masu jego sun huta da sayen icce.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rumfar, sannan ta juyo.

"Malam, wa ya ba ka shawarar wanga zana? Akwai masu jego biyu da ba su yi arba'in ba. Ka sa yaro shi kware ta."