Yadda Ake Sallamar Malam Hunhuna Ba Rakiya

Da malka ta kankama a watan Agusta, daga Sifawa da Danchadi har cikin garin Shagari, akwai baƙon da ke shiga gida ba sallama. Hanci ne ke fara sanin zuwansa. Ɗaga katifa, ja akwati daga jikin bango, ga Malam Hunhuna nan ya miƙe ƙafa, baƙi-baƙi, kore-kore.

Kafin ka taɓa shi, yanke masa abinci, wato danshi. Maigida, hau soro ka yashe indararo, ka toshe inda kwano ke yoyo, ka sabunta yaɓen gindin bango. Kayan da suka jiƙe, kwana ɗaya zuwa biyu sun ishe shi kafa sansani a kansu, don haka rana na leƙowa a fito da tabarma da katifa da tufafi. Rana kam, Allah ya hore wa ƙasar Sakkwato ita. Uwargida, a buɗe tagar nan don Allah, ko da maƙwabta za su ƙirga miki kwanukan jere.

Sai wanka. Ɗaure hanci da ƙyalle, a fitar da yara da mai asma, a goge bangon siminti da ruwan omo da buroshi, a bar shi ya bushe ƙayau. In za a sa Hypo, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa na cutar da huhu. Wanda ya shafa wa Malam Hunhuna fenti kuwa sabuwar riga ya ɗinka masa. Zai fito da ita baɗi.

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta zama cikin ɗaki mai danshi da tari da shessheƙa da tashin asma. Yaron da tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai shi asibiti.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne rumbu. Gyaɗa da masara da dawa da aka adana da sauran laima suna iya ɗaukar irin hunhunar da ke zuba dafin da ake kira afulatoksin. Yana lalata hanta, a hankali ya kai ga cutar kansa, kuma tafasa ba ta kashe shi: ko an yi ƙuli-ƙuli, ko an dama kunun gyaɗa, yana nan. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Saboda haka a shanya amfanin gona kan leda ko tabarma har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, a jera buhuna kan katako nesa da bango, a tsince duk wadda ta canza launi ko ta motse.

Wadda aka tsince kuma, kada a ce “a ba saniya, kar a yi asara”. Dafin yana bi ta nono ya dawo cikin furar gidan. A haƙa rami a binne.